Raba Murya da Kiɗa: Tarihin Faifan Garmaho da Mawaƙanmu

'Yan'uwana ɗalibai da sauran masu sha'awar harshen Hausa, akwai wani abu da ya shigo mana cikin 'yan shekarun nan wanda nake ganin ya kamata mu tsaya mu dube shi tun bai zama jiki ba. Abin kuwa shi ne, sai ka ji muryar mawaƙin da ya daɗe da rasuwa tana fitowa daga wayar hannu ko lasifikar gidan biki, amma ba kalangu, ba kotso, ba 'yan amshi. An ɗebo muryar ita kaɗai an ɗora ta bisa kiɗan fiyano. Samari suna ce wa wannan aiki rimis. Waɗansu dattawa sun ce ɓarna ce tsagwaronta, waɗansu kuwa sun ce ai gara haka da a mance da mawaƙin ɗungum. Ni dai kafin in faɗi nawa ra'ayi, so nake mu bi sawun abin tun daga tushe, mu ga yadda aka yi murya da kiɗa suka shiga faifai tare, da irin wuyar da aka sha kafin a iya raba su. Waiwaye dai, in ji Hausawa, adon tafiya ne.

A shekarar 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙago na'urar farko mai ɗaukar magana ta kuma mayar da ita. Tasa a jikin wani gwangwani take rubuta sauti. Bayan shekara goma, watau 1887, Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da wadda take aiki da abu mai faɗi kewayayye, sunan na'urarsa kuwa shi ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya koma garmaho. Abin da ake ɗora mata bai ba kakanninmu wuyar suna ba. Sun dube shi suka ga ba shi da maraba da faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya, sai suka ce faifai, har yau kuwa sunan bai sake ba, ko da yake abin da ake kira faifan bidiyo yanzu ba ya da ko kama da shi.

To, mai karatu, sai mun fahimci yadda sauti yake zama a cikin faifai sa'an nan za mu gane inda gizo ke saƙar. In ka duba faifai da kyau za ka ga wani siririn layi guda ɗaya tak, wanda ya faro daga baki ya yi ta kewayawa har ya kai tsakiya. Layin nan ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani sosai, su ne allura take bi tana karkarwa, karkarwar nan kuwa ita ce sautin da muke ji. Sa'ad da ake ɗauka, muryar mawaƙi da ta 'yan amshinsa da bugun ganga da guɗar mata duk suna haɗuwa a iska su zama motsi guda, allurar yanka kuma ta zana wannan motsi guda. Kunnen mutum shi ne yake da baiwar warware su, ya ce wannan Shata ne, wancan kalangu ne. A jikin faifan kam babu wannan rabo. Wanda aka ce ya fitar da murya daga irin wannan faifai, tamkar wanda aka miƙa wa damammiyar fura ne aka ce ya mayar wa Bafillatana nononta, ya mayar da gero cikin rumbu.

Tun kafin a zo maganar rabawa ma, garmaho ya fara yi wa waƙarmu yanka ta wani fanni. Faifan farko, wanda yake juyawa sau 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe. Kowa kuwa ya san mawaƙin baka ba da agogo yake waƙa ba. Yana iya riƙe waƙa ɗaya rabin sa'a ko fiye, yana ƙara ɗiya gwargwadon waɗanda suka shigo fage da abin da suka ba shi. Saboda haka abin da ke cikin tsohon faifai gutsure ne kawai na abin da aka saba ji a ƙofar fada ko gidan biki. Kafin 1925 ma ba makirufo ake amfani da shi ba, wani babban ƙaho ne ake tsayawa a bakinsa, mai waƙa a gaba, masu ganga a tura su can baya don kada ƙarar ta sa allura ta yi tsalle.

Harshen Hausa ya shiga faifan kasuwa da wuri. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya tara mutanen Afirka ta Yamma da ke zaune a Ingila ya ɗauki waƙoƙinsu cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka buga aka aiko gida don sayarwa. Daga baya kamfanoni suka riƙa aiko ma'aikatansu Ikko da Ankara, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Decca da His Master's Voice suka kankane kasuwar. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda yake ɗaukar wajen minti ashirin a gefe guda, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Wannan babban shi ne ya ɗan ba mawaƙanmu sarari su numfasa. Ta wani gefen kuma ga rediyo: an kafa rediyon waya a Kano a 1944, a 1962 kuma aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya tara muryoyin makaɗan fada da na jama'a masu tarin yawa a kan tef. Masu bincike ma ba a bar su a baya ba. Cikin shekarun 1960 David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau, aka fitar da su a manyan fayafayai biyu cikin jerin UNESCO, a 1971 kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa.

Bari in kawo abin gida. Ni mutumin Gafasa ne, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, a tsohuwar ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano. Mu mutanen wannan yanki muna da ɗan abin taƙama, tun da tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, har zuriyarsu ake kira Abagayawa. Amma ta fuskar faifai, mu masu saye ne kawai. Dattawanmu sun ce da kuɗin gyaɗa garmaho ya shigo ƙauyukanmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, manomin da kakarsa ta yi kyau yakan shiga birni ya sayo keke ko fitilar ƙwai, in kuwa mai son a san da shi ne, ya haɗo da garmaho daga kantunan Turawa ko na Kwara. Kakana yana cikin waɗanda suka yi haka, har yanzu kuwa akwai ragowar fayafayansa cikin wata tsohuwar adaka, waɗansu da tambarin karen nan mai leƙa bakin ƙaho, yawancinsu sun tsage. Irin na farkon nan da wani ƙaro ake yin su wanda wani ƙwaro yake fitarwa a Indiya, shi ya sa in sun faɗi sai su fashe kamar tangaran. Na roba ba sa fashewa, amma zafin bazara yana lanƙwasa su.

Yadda aka ba ni labari, da dare ake fito da shi ƙofar zaure. Sai an wana shi da hannu kamar agogo, allurarsa ta ƙarfe kuwa tana cikin wani ɗan gwangwani, ana sake ta a kai a kai don in ta dakushe cin faifan take yi. Abin da yara suka fi so shi ne sa'ad da wanin ya kusa ƙarewa, muryar mawaƙi ta yi ta kauri tana ja kamar mai jin barci, ko kuma wani shaƙiyyi ya faki ido ya tura ɗan ƙarfen gudu gaba, dattijon mawaƙi ya koma magana kamar ɗan yaye. In ana neman ranar da aka fara wasa da muryar mawaƙi a Gafasa, to, ni a nan zan sa ta. Abin lura kuma, duk cikin adakar nan ban ga faifai ko ɗaya na makaɗin yankinmu ba. Mai gangar noma da yake zuga samari ranar gayya, da mai kalangun mahauta ranar kasuwa, da 'yan matan dandali, ba su kamfani yake nema ba. Sai da kaset ya zo aka fara ɗaukar su. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, ya kuma cika ƙasar nan cikin shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975 da ya sa ma'aikata suka yi ta sayen rikoda. Daga nan kasuwar faifai ta fara mutuwa, masu kwafar kaset na Ƙofar Wambai suka gaje ta.

Mu koma ga masu neman rabawa. Dabara ta farko daga faifai mai hanya biyu ta fito, wanda ake kira sitiriyo. Wani injiniya na kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar dabarar a 1931, amma sai 1958 irin wannan faifai ya bazu a kasuwa. A cikinsa bangon hagu na layin nan yana ɗauke da sauti dabam, bangon dama ma dabam, kowanne da lasifikarsa. Al'adar masu ɗauka ita ce su sa muryar mawaƙi daidai wa daida a hagu da dama, don mai sauraro ya ji ta a tsakiya, kayan kiɗa kuwa a rarraba su gefe da gefe. Sai masu wayo suka lura, in aka juya sautin hagu ya koma kishiyar kansa, sa'an nan aka haɗa shi da na dama, duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu zai kashe juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, wannan daga ciki wancan daga waje. Murya sai ta ɓace, kiɗan gefe ya saura. Amma ka ga wannan kashe murya ne. Wanda yake son muryar ita kanta sai ya sami wani faifan na kiɗan zalla, ya juya shi ya haɗa da cikakkiyar waƙar, kiɗa ya kashe kiɗa. A faifan roba kuwa da ƙyar hakan take yiwuwa, don ba a samun juyi biyu da suka yi daidai sak. Ramin tsakiya ya ɗan kauce, ko faifan ya ɗan lanƙwashe, shi ke nan lissafi ya rushe.

Duk wannan dabara ba ta tsinana wa tsofaffin waƙoƙinmu kome ba, domin galibinsu da hanya ɗaya aka ɗauke su. In ka juya hagu ka haɗa da dama a irin wannan faifai, waƙar ce gaba ɗaya za ta ɓace, a bar ka da ƙarar ƙura da karce. Haka nan a ƙasashen Turai da Amurka, tun shekarun 1950 aka fara amfani da tef mai layi da yawa, wanda makaɗin jita Les Paul yake cikin waɗanda suka assasa, inda ake ɗaukar kowane kayan kiɗa a layinsa, murya ma a nata. Kamfanin da ya adana wannan uwar tef ba ya bukatar wata dabara, murya tana nan a ware. Mawaƙanmu na baka kuwa a zama ɗaya ake ɗaukar su, kuma dole ne. Jagora yana duban makaɗinsa, 'yan amshi suna duban bakin jagora, ba wanda ya san ɗan da zai biyo baya sai an yi shi. Yaya za a ce wa irin wannan ƙungiya kowa ya shigo ɗaki shi kaɗai?

Mutanen da suka fara mayar da raba murya da kiɗa sana'a baƙaƙen fata ne 'yan'uwanmu na tsibirin Jamaika. Wajen 1968, a ɗakin ɗaukar waƙa na Duke Reid a Kingston, aka yanka wa wani mai kiɗan lasifika da ake kira Ruddy Redwood faifai aka mance ba a sa layin murya ba. Da ya sa shi a wurin rawa sai jama'a suka ɗauki waƙar da bakinsu, abin ya ƙayatar. Daga nan ya zama al'ada a buga waƙa a gefe ɗaya na ƙaramin faifai, kiɗanta zalla a ɗaya gefen, don wani ya yi tasa maganar a kai. Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, mai gyaran rediyo ne asalinsa, shi ya kai abin ƙololuwa: ya janye murya, ya dawo da ita gutsure-gutsure, ya sa ta yi amsa-kuwwa. Wannan salo shi ne ya haura New York cikin shekarun 1970 ya zama ɗaya daga cikin tushen rimis da ake yi a duniya yau.

Amma kada mu ɗauka aron waƙa baƙon abu ne a wurinmu. Bahaushe ya daɗe yana yi, sai dai shi kari yake ara, ya bar wa mai murya muryarsa. Manazarta sun nuna cewa Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, bisa karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji, ya karɓe amon da samari suke rawa da shi ya zuba masa wa'azi. Cikin shekarun 1960, da finafinan Indiya suka kama gidajen silima, Abdu Yaron Goge ya riƙa ɗaukar karin waƙoƙinsu yana yi da goge cikin Hausa. Daga baya masu bandiri a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ɗauki irin wannan kari suna yabon Annabi da shi. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, bayan Sangaya na 1999 kuwa kusan kowane fim da shi yake tafiya. A nan ne waƙar Hausa ta fara zuwa duniya a rabe: mai fiyano ya haɗa kiɗa tukuna, mawaƙi ya zo ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya rera a kai. Duk cikin waɗannan, wanda ya ari kari da maƙogwaronsa yake biya. Abin da yake sabo a yau shi ne a bar karin a ɗauke maƙogwaron.

Wannan kuwa bai yiwu sosai ba sai da aka koya wa kwamfuta sauraro. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Deezer na Faransa ya saki wata manhaja mai suna Spleeter kyauta, a shekarar kuma masu bincike na Facebook suka fito da Demucs. Yadda ake koya musu shi ne, a ba su waƙoƙi masu yawa waɗanda ake da su a haɗe kuma ake da su a rabe, su yi ta gwadawa ana gyara musu, har su gane kamannin muryar mutum a cikin hayaniya. Watau ba warware furar nan suke yi ba, cinta suke yi: wannan ɓangare ya yi kama da murya, a bar shi, wancan bai yi ba, a danne shi. Shaharar abin ta fito fili da waƙar ƙarshe ta Beatles. John Lennon ya ɗauki wata waƙa a gida da kaset a ƙarshen shekarun 1970, aka kashe shi a 1980. A 1995 abokansa suka so su ƙarasa ta, ya gagara, don fiyanonsa ya danne muryar. Sai da ma'aikatan Peter Jackson suka gina irin wannan na'ura aka tsamo muryar, aka fitar da waƙar, Now and Then, ranar 2 ga Nuwamba, 2023.

To, amma da wace irin waƙa aka koya wa waɗannan na'urori? Tarin waƙoƙin da masu binciken suka fi gwaji da shi, MUSDB18, waƙa 150 ne kacal, kuma kwando huɗu aka raba kowace: murya, gangunan Turawa, jita mai kaurin amo, da sauran tarkace. Ba kalangu a ciki, ba kukuma. Na gwada irin wannan manhaja da waɗansu waƙoƙi da aka juyo daga faifai da kaset, abin da na samu kuwa ya koya mini wani abu game da waƙar baka wanda na sha ji a aji amma bai zauna mini ba. Ɗan Maraya Jos ya fi kowa sauƙi, don shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba 'yan amshi, amon kuntigi kuma gajere ne mai tsini, ba ya kama da murya. Da na zo kan Musa Ɗanƙwairo sai aiki ya cakuɗe. Na'ura ta ture kotso gefe, amma a waƙar fada jagora yakan fara ɗa 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, ga kuma sanƙira yana jefa kirari ta sama. Duk waɗannan murya ce a wurinta, sai ta zuba su kwando ɗaya. Masu kukuma irin su Garba Supa kuwa, sau da yawa kukumar take biyo mai ita cikin kwandon murya, don ita ma ja take yi tana kuka kamar mutum.

Kalangu shi ya fi ba ni sha'awa. Kowane ɗalibin Hausa ya san harshenmu mai karin sauti ne, akwai na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa, shi ya raba baba mahaifi da baba inna da baban rini. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammatarsa ya saki, amo ya hau ya sauka daidai da wannan kari, har ya kaɗa taken mutum, wanda ya sani ya ji kalmomin sarai ba tare da an buɗe baki ba. Saboda haka in na'ura ta rikice ta bar ɓurɓushin kalangu a cikin muryar Mamman Shata, ni ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Kalangun nan magana yake yi. Shata yakan yi shiru ya bar makaɗa su cike gurbin, yakan kira su, yakan tsawata musu, su kuma su amsa da hannu. In an share su, sai ka ji mutum yana zance da wanda ba ya nan.

Ba na cewa abin ba shi da amfani, mu ɗalibai ma mu ne za mu fi kowa cin moriyarsa. Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta waƙar Narambaɗa a takarda ya san azabar da ke ciki: ga Zamfarci, ga tsohuwar ɗauka, ga kotso yana danne ƙarshen kalma, sai ka mai da tef baya sau goma a kan layi ɗaya. Haka magabatanmu suka yi, irin su Ɗandatti Abdulƙadir da ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, da Sa'idu Muhammad Gusau da ya tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu. In aka danne kiɗa aka ɗago murya, kalmomi da yawa da ake gardama a kansu za su fito. Sai dai a riƙa komawa ga asalin ana gwadawa, don na'urar takan haɗiye baƙaƙe marasa ƙarfi irin su h da f, wani lokaci ta bar muryar tana rawa kamar ta wanda yake magana a cikin randa.

Inda nake da ja shi ne wajen ɗora muryar bisa fiyano. Kiɗan kwamfuta ba ya gaba ba ya baya, bugunsa a ƙidaye yake. Makaɗin kalangu kuwa mutum ne, in fage ya yi zafi yakan ƙara wuta, in jagora ya ja numfashi yakan jira shi. Don a sa tsohuwar murya ta hau sabon bugu dole a ja ta nan, a matse ta can, a datse inda ta yi tsawo. Harshen da yake bambanta dogon wasali da gajere kuwa ba ya jure irin wannan ja. Sa'an nan mai rimis gindin waƙa yake so da ɗa ɗaya ko biyu masu daɗin rawa, sauran ya zubar. Alhali waƙar fada don wani basarake aka yi ta, da sunan kakanninsa da garuruwansa da zambon abokan hamayyarsa, nan tarihin yake. Abin da ya fi wannan tsoratar da ni, muryar da aka tsame tsaf ita ce abin da ake ciyar da wata na'urar da ke kwaikwayon murya. Ranar da aka ji mawaƙin da ya rasu tun 1999 yana yabon ɗan takarar da ba a haifa ba sa'ad da yake waƙa, yaron da ya tashi a Gafasa da wayar hannu da me zai gane ƙarya ce? Shi dai abin da mai tura waƙoƙi a rumfar caji ya zuba masa a kati, shi ne Shata a wurinsa.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda masu wannan aiki ba su cika tunawa da ita ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta abu biyu. Ita ɗaukar da aka yi a faifai tana da kariya ta shekara 50 daga fitowarta, saboda haka faifan da ya fito a 1970 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2020. Amma waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, nasa sai 2061. Shata sai 2069, Barmani Coge da ta rasu a 2013 sai 2083, Ɗan Maraya kuwa da ya rasu a 2015 sai 2085. Duk waɗannan suna da magada a raye, tsufan faifai kuma bai mai da waƙar kayan tsintuwa ba.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, in an tafi hutu kowa ya bincika adakar gidansu. Wanda ya sami faifai kada ya goge shi da tsumma busasshe, kada kuma ya kusantar da barasar asibiti ga irin mai fashewar nan, narkar da shi take yi. Ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan da burushi mai laushi sun isa, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, a bar shi ya bushe a inuwa, a jingine shi a tsaye. A rubuta duk abin da ke jikin takardar, sunan kamfani da lamba da sunan mawaƙi, ko da an rubuta shi a karkace yadda Turawa suka ji. In za a juya shi cikin kwamfuta a juya shi cikakke, da kiɗansa da amshinsa da karcensa, a ajiye wannan a matsayin uwa, duk wani tace-tace a yi shi a kan kwafi. A kuma lura da allura: layin faifai mai juyi 78 ya fi na babban faifan roba faɗi wajen ninki uku, in aka sa masa siririyar allurar zamani ƙasan ramin za ta riƙa shara, abin da za a ji rabinsa ƙura ce.